Katin launi ko manhajar waya: wanne zai raba maka jan kan sarkin kobo ɗaya?

Malam, tunda tambayarka a kan kan sarkin Najeriya ne na kobo ɗaya mai hoton Sarki George na Biyar, kuma kana tsakanin sayen katin launi da biyan kuɗin manhajar waya don ka gane wane irin ja ne a jikinsa, to sayi katin. Amma kafin ka kai ga launi akwai aikin da ya riga shi, wanda in ka tsallake, ko katin ba zai cece ka ba.

Kife kan sarkin a baƙin faranti, ka ɗiga masa ruwan sinadarin da aka yi musamman don duba tambarin takarda, wato zanen da ke ɓoye a jikin takardar, ɗigo biyu ko uku, ka ga abin da zai bayyana. Wanda aka fara fitarwa a 1914, bayan haɗe Arewa da Kudu, takardarsa na ɗauke da kambi da haruffan CA miƙaƙƙu, a maimaice. Daga 1921 aka koma takarda mai CA da rubutun haɗe, mai lanƙwasa. In naka mai lanƙwasa ne, magana ta ƙare, shi ne wanda kundin Stanley Gibbons, littafin da ke jera kan sarki da launinsu da farashinsu, ke kira rose-carmine. In mai miƙaƙƙun haruffa ne, saura biyu: carmine-red da scarlet. Ka ga tun ba ka kalli launi ba ka rage ɗaya cikin uku.

Bambancin biyun nan a ido shi ne inda jan ya karkata. Carmine-red ja ne mai ɗan sanyi, ya ja zuwa jan garura, kamar da ɗigon shuɗi a cikinsa. Scarlet ja ne mai zafi, ya karkata wajen ruwan goro, kamar jan barkono da ya nuna. Kamfanin De La Rue na Landan ne ya buga su duka, kuma a lokacin yaƙin duniya na farko rinin da masu ɗab'i na Ingila ke samu daga Jamus ya yanke, shi ya sa jan waɗannan shekarun bai tsaya waje ɗaya ba. Tsakanin sunaye biyun da kundi ya rubuta akwai ja iri-iri da ba su da suna, kuma su ne ke wahalar da mutum.

Katin da ke kan teburina na Stanley Gibbons ne, mai launi 200, an jera su a falle-falle masu buɗewa kamar mafici. Abin da ya sa nake yaba shi wani ɗan rami ne da aka huda a tsakiyar kowane launi. Sai ka ɗora fallen a kan kan sarkin, launin tawada ya leƙo ta ramin, launin kati ya kewaye shi, babu farar takarda a tsakani da za ta ruɗi ido. In sun dace, bakin ramin kusan ɓacewa yake yi. In ba su dace ba, da'irar za ta fito ƙuru-ƙuru. Sai dai ka saita ramin a inda tawada ta cika fal, irin jikin firam ko kewayen rubutu. Kada ka saita shi a gefen fuskar sarki, don can layuka ne siri-siri da fari a tsakaninsu, kullum za su nuna maka launin ya fi haske.

Haske kuwa shi ne rabin aikin. Zauna kusa da taga da hantsi, inda rana ba ta bugo teburin kai tsaye. In hazo ya sauka, haƙura da taga, domin ƙurar hunturu na mayar da hasken rawaya-rawaya, sai kowane ja ya zame maka scarlet. Ƙwan lantarki mai rawayan haske ma haka yake yi. In da dare za ka yi, nemi ƙwai mai farin haske wanda aka rubuta 5000K zuwa 6500K a kwalinsa, da CRI, wato ma'aunin yadda ƙwai ke nuna launi na gaskiya, 90 ko sama. Shimfiɗa takarda ruwan toka a ƙasa, ba fara ba, ba baƙa ba. Kada ka ƙura ido fiye da daƙiƙa biyar ko shida, ido na gajiya da ja da wuri, ya fara ganin komai iri ɗaya. Ɗauke kai, kalli takardar tokar, ka dawo.

Katin yana da nasa aibin. Launinsa shafaffe ne a takarda daban da ta kan sarki, don haka kusa zai kai ka, ba daidai-wa-daida ba. Yana kuma koɗewa, saboda haka kada ka sayi tsohon hannu da ya sha rana a shago, kuma in ka gama ka mayar da shi aljihun tebur. Sannan sunayensa na kundinsa ne kawai. Kundin Michel na Jamus yana da nasa katin da nasa sunayen, abin da wannan ya kira da suna ɗaya wancan zai iya kiransa da wani. Da kundin da kake aiki, da katinsa.

Manhaja kuwa, na taɓa biyan kuɗin wata, kuɗin ya tafi a banza. Tana iya gaya maka ƙasa da shekara, iyakarta ke nan. Kyamarar waya da kanta take gyara fari da ƙara wa launi armashi, ka ɗauki hoto biyu a jere ka samu ja biyu.

Abin da ya fi katin ma, kuma kusan kyauta ne, shi ne ka tara alƙalai daga cikin kan sarkin kansu. Na kobo ɗaya an buga shi da yawa, wanda aka yi amfani da shi ba ya tsada. Nemi goma sha biyar zuwa ashirin masu hatimin gidan waya da kwanan wata ya fito sarai. Duk wanda hatiminsa ya nuna 1914 carmine-red ne, tunda scarlet bai fito ba tukuna. Ware biyu ko uku masu tsabta cikinsu, su ne ma'auninka. Jera sauran a takardar toka da hantsaki, daga mai sanyi zuwa mai zafi, za ka ga sun rabu gida biyu, da 'yan tsakiya da suka ƙi shiga ko'ina. 'Yan tsakiyan nan ka lissafa su a launin da ya fi araha a kundi. In za ka gwada sabo, ɗora shi ya hau rabin ma'aunin, tawada ta taɓa tawada. Tawada ɗaya, takarda ɗaya, injin ɗab'i ɗaya, babu katin da zai ba ka wannan.

Kafin ka ce ka samu launi na daban, ka tabbata ba lalacewa ba ce. Rana na cinye ja ya koma ruwan hoda, tana cinye rawayan da ke cikin kore ya koma shuɗi. Iska mai farar wuta na mayar da ruwan goro ya zama ruwan ƙasa. Laimar damina na sa takarda ta yi tsatsa-tsatsa, ja ya yi duhu a kanta, shi ya sa ake duba farin gefe tukuna. Ruwa kuwa ya fi kowa ɓarna a kan sarkin Arewa na 1900 zuwa 1912. De La Rue da gangan ya yi amfani da tawadar shunayya da kore masu zuba in sun jiƙa, don kada a wanke hatimi a sake liƙawa. Na ɗari, wato rabin kobo, na kobo ko na sule da ka gani fayau, galibi wani ne ya jiƙa shi don cire shi daga ambulan.

Ba ka tambaya ba, amma ka yi hattara da masu sayarwa a intanet. Wasu na ƙara wa hoto launi, wasu na shanya kan sarki a rana ko su taɓa shi da sinadari, sannan su laƙaba masa sunan launi mai tsada. Inda suka fi cin kasuwa shi ne na Ingila na bikin cikar Sarki George na Biyar shekara 25 a kan karaga a 1935, kobo biyu da ɗari: shuɗin da aka saba kuɗinsa bai taka kara ya karya ba, Prussian blue kuwa, wanda aka sayar bisa kuskure a wani gidan waya na Edmonton a arewacin Landan, dubban fam ne. Haka na Amurka na 1861, senti uku, tsakanin pink da rose. Irin waɗannan ba a sayensu da hoto, sai da takardar shaida daga kwamitin ƙwararru irin na Royal Philatelic Society ta Landan, kuma hoton da ke jikin takardar ya dace da haƙoran kan sarkin ɗaya bayan ɗaya. Ga na kobo ɗayanka, ka ce mai kaya ya ɗauki hotonsa gefe da gefe da wani da aka san launinsa, a hoto guda, ya kuma nuna maka bayansa. In ya fara kame-kame, bar masa kayansa.