Wayar Tiyuna ce ko Sensar Iskar Turbo?

Wani ɗan'uwa ya yi tambaya cewa tun da ya ɗaura wa motarsa mai shan dizal tiyuna, wato akwatin nan na ƙara wa inji ƙarfi, lambar matsin iskar turbo take tsalle, fitilar inji ta kama, motar kuma ta ƙi ja a hawa. Yana so ya san ko sensa zai saya ko wayoyin zai bi.

Malam, kada ka yi saurin sayen sensa. Matsalolin biyu suna kama da juna daga nesa, amma halinsu daban ne.

Laifin waya ba ya zama wuri ɗaya. Yanzu lafiya lau, ka shiga gargada lambar ta faɗi ƙasa warwas ko ta haura ƙololuwa, sannan ta dawo kamar ba a yi ba. Sensar MAP, wato mai auna matsin iskar da ke shiga inji, wayoyi uku gare ta: mai kawo volt 5, wayar at, da mai kai saƙo ga kwamfutar inji, saƙon da ke yawo tsakanin volt 0.5 zuwa 4.5. Wasu suna da ta huɗu ta auna zafin iska. Tiyunar da ake jonawa a tsakani tana zama ne a kan wayar saƙon, don haka fulogi ɗaya da bai shiga ya yi ƙas ba, ko fil da ya lanƙwashe, ya isa ya rikita komai. Sikana, wato na'urar da ake jonawa don karanta kwamfutar mota, takan nuna lambar kuskure P0237 ko P0238. Ka bar injin a sulo, ka riƙa girgiza wayoyin da hannu kana kallon lambar. In ta motsa, ka kama ɓarawo. Abin da ya fi ba ni haushi shi ne ɗan ƙarfen nan mai cizon waya da wasu rewaya ke amfani da shi don gudun yin soda: wata shida, danshi ya shiga, tsatsa ta cinye wurin. Kuma a motoci da yawa sensoci da dama ne ke shan volt 5 ɗin daga layi ɗaya, in ya taɓa bodi sai ka ga lambobin kuskure sun yi maka rubdugu.

Sensar da ta gaji kuwa ƙaryarta ba ta canjawa. Kullum tana karanta ƙasa ko sama da gaskiya, ko ta yi nawa wajen bin totur. A injinan da ke da EGR, wato tsarin da ke mayar da wani ɓangare na hayaƙi cikin inji, kunkunniya ce ke toshe bakinta, ka ciro ta ka gan ta baƙi ƙirin. A nan P0236 aka fi gani. Gwajinta ba wuya: murɗa makulli ba tare da ka tayar da inji ba, ya kamata ta nuna matsin iskar sarari, kusan psi 14.7 a gaɓar teku, ƙasa da haka kaɗan a tudu.

Akwai abin da ke ruɗa mutane. Wasu tiyunoni da gangan suke rage lambar da kwamfuta ke gani, don kada ta yanke mai. Saboda haka in sikana ta saɓa da gejin allura da ka jona da bututun iska, ba lallai laifi ba ne. Ka kuma lura ko sikanar ta haɗa da matsin sarari a lissafinta, domin shi gejin daga sifiri yake farawa.

Ni dai abin da zan fara yi shi ne in zare tiyunar gaba ɗaya, in mayar da fulogin asali, in goge lambobin, in zaga da motar. In ta warke, laifin na tiyuna ne ko wayoyinta. In ba ta warke ba, sai a wanke sensar a sake gwadawa. Idan kuma akwai baƙin hayaki da ƙarar fito, ga P0299, to duba tiyon intakula, wato abin da ke sanyaya iskar turbo, wataƙila kilif ne ya saki iska na zurarewa, ita sensar gaskiya take faɗa.