Icom IC-7300 a Katsina: rediyo mai kyau, amma ba ta son wutar wasa

Tun da kamfanin Icom na Japan ya fito da IC-7300 a 2016, ta zama ɗaya daga cikin rediyoyin da masu sha'awar sadarwa ta gajeren zango suka fi kafa tashar gida da su. Tana aikawa da ƙarfin wat 100, tana kamawa daga kilohaz 30 har zuwa megahaz 74.8, nauyinta kilo 4.2. Ba ta kama tashoshin FM, ba ta kuma magana da ƙananan oba-oba masu aiki a megahaz 145. Wanda hirar cikin gari yake so, daga Ƙofar Ƙaura zuwa Ƙofar Soro, ya riƙe kuɗinsa.

Abin da ya fi burgewa shi ne allonta mai inci 4.3. Kana ganin kowace tasha tana zubowa kamar zare, ka taɓa da yatsa ka faɗa kanta. Allon nan kuma shi ke tona asirin gidanka. In ka ga layuka a jere, tazararsu ɗaya, sun cika zangon mita 40 (wajen megahaz 7), ba laifin rediyon ba ne. Inbatar sola ce, ko cajar waya mai araha, ko ƙwan LED. Kashe komai, ka bar ta a kan batir kaɗai, sannan ka riƙa kunna kayan ɗaya bayan ɗaya har mai laifin ya bayyana. Wani lokaci na maƙwabci ne, to nan kuma sai lallashi.

Wuta ce babbar magana. Bolt 13.8 take so. In tana saurare wajen amfiya 1 take ja, amma da ka danna makirfo a cikakken ƙarfi tana iya kaiwa 21. Batir mai bolt 12 da ya fara gajiya, ga siririyar waya doguwa, sai wutar ta faɗo ƙasa da 11.7, muryarka ta shaƙe ko rediyon ta ɗauke ta sake tashi. Yi amfani da wayar da ta zo da ita tare da fis ɗinta, kada ka yi mata ƙari, batirin kuma ya kai 100Ah. Rage ƙarfi zuwa wat 50 ba asara ba ce. Wanda ke can Turai da ƙyar zai ji bambanci. A zafin Afrilu ma dole ne, musamman a FT8, salon aika saƙo ta kwamfuta, inda ƙarfinta ba ya sauka muddin tana aikawa: tsaya a wat 30 zuwa 40, ka bar wa fankar baya iska.

Na'urar daidaita eriya da ke cikinta raguwa ce, iyakarta SWR 3:1 (SWR ma'aunin rashin dacewar eriya da rediyo ne). Saboda haka yanka eriya daidai. Ta zangon mita 20, waya biyu ce, kowace mita 5 da 'yan santimita, a ɗaga sama da kwanon rufi sosai, a sauko da kebul ɗin eriya samfurin RG-213.

Iskar hunturu mai ƙura tana tara caji a jikin waya har ka ji tas-tas, damina kuma ga tsawa. Ramin eriya ɗaya ne tak a bayanta, zare wayar daga ciki duk lokacin da ka tashi. Sandar tagullar da za ka kafa a ƙasa, nemi inda ke da laima, kamar wurin alwala, don busasshen rairayi ba ya ɗaukar wuta.

Aibinta da aka sani: in ta daɗe ba wuta, ƙaramin batirin agogonta yana mutuwa, kuma manne yake da dalma a ciki.

Ta cancanci kuɗinta, in dai an ware na batir da eriya tun farko. Kafin ka aika ko da sallama, nemi lasisi daga Ma'aikatar Sadarwa ta Tarayya, ka samu lambar kira mai farawa da 5N. Yadda tsaro yake a jihar nan, doguwar eriya a kan soro za ta jawo tambaya, takardar ta kasance kusa.