The Help: littafin ya fi fim ɗin faɗin gaskiya

Littafin The Help na Kathryn Stockett ya fito a 2009, fim ɗinsa kuma a 2011. Jikata ce ta kawo mini littafin, da na gama muka kalli fim ɗin tare. Fim ɗin ya sa ni hawaye, amma littafin ya fi shi nauyi nesa ba kusa ba.

Labarin na 'yan aiki ne baƙar fata a garin Jackson na jihar Mississippi a Amurka, farkon shekarun 1960. Ɗaya daga cikinsu, Aibileen, ta yi renon 'ya'yan Turawa goma sha bakwai, ita ke yi musu wanka, ita ke ba su abinci a baki, amma ba ta isa ta shiga banɗakin gidan ba. Wata mata mai suna Hilly ce ke ta fafutukar a gina wa 'yan aiki makewayinsu daban a waje, wai suna ɗauke da cututtuka.

A nan na ajiye littafin na yi shiru, domin na san wannan hujja. Da ita aka raba mu da Turawa a ƙasarmu. Zamanin Gwamna Lugga an tsara a bar filin da ba kowa, yadi 440, tsakanin unguwar Turawa da ta 'yan ƙasa, da sunan tsoron zazzaɓin cizon sauro. Mahaifina kuku ne a gidan wani Baturen kuza a Jos, gab da samun 'yancin kai, muna zaune a ɗakunan boyi-boyi can ƙarshen fili. Da hannunsa yake cuɗa burodin da suke ci, amma kofinsa na gwangwani ne, a rataye jikin ƙusa bayan kicin, ba ya haɗuwa da tangaran ɗinsu ko a wajen wanke-wanke. Ƙofar gaba kuwa ban taɓa bi ba. In ƙafata ta karkata can, sai Inna ta fizgo ni tana cewa, "Kai, so kake a kori Babanku?" Ba na cewa abin da muka gani ya kai na Mississippi, inda aka harbe Medgar Evers, ɗan fafutukar 'yancin baƙar fata, a ƙofar gidansa a 1963. Amma ƙasƙancin yau da gobe iri ɗaya ne, kuma littafin ya kama shi daidai.

Inda fim ɗin ya gaza shi ne tsoro. A littafi akwai jikan wata 'yar aiki da aka lakaɗa wa duka har ya makance don ya shiga banɗakin Turawa bisa kuskure. Irin wannan ne ke sa mai karatu ya gane me ya sa matan ke rawar jiki kafin su buɗe baki. Fim ɗin ya fi karkata ga raha da riguna masu kyau, ya kuma ba Skeeter, Baturiyar da ke rubuta labarinsu, fili fiye da kima. Viola Davis da ta fito a Aibileen ta faɗa da bakinta a 2018 cewa ta yi nadamar fitowa, domin ba muryar 'yan aikin aka ji ba. Na yarda da ita, ko da yake wasanta ne ya riƙe fim ɗin, ita da Octavia Spencer wadda ta ci kyautar fim ta Oscar da fitowarta a Minny, 'yar aiki ƙawar Aibileen.

Wanda zai karanta ya yi haƙuri da babukan farko. Turancin Aibileen da Minny na baƙaƙen kudancin Amurka ne, sai kunne ya saba. Shi ma littafin Baturiya ce ta rubuta, kuma akwai wuraren da na ji ta tausasa wa iyayen gida fiye da yadda Baba zai yi in da shi ya riƙe alƙalamin.