Pompon 220 volt da ondilar ko ƙaramin pompon 12 volt, wanne ya fi wa gidan da ruwa ke kwanciya

Salamu alaikum. Malam ka ce gidanka a kwari yake, duk damina ruwa na kwanciya tsakar gida har ka gina rami a ƙarshen gangare ka sa pompo, to amma da hadari ya taso sai kuran ya ɗauke, shi ne kake tambaya ko ka haɗa wa pompon naka panno na hasken rana da batir, ko kuwa ka sayi irin ƙaramin nan mai aiki da batir kai tsaye.

Abin da nake so ka fara riƙewa, ba panno ba ne zai kwashe maka ruwa, batir ne. Ruwanmu na Damagaram yawanci da marece yake zuwa ko cikin dare, in ma da rana ne gari ya yi baƙi ƙirin panno ba ya bada wani abin kirki. Aikin panno kawai ya cika batir kafin hadari ya iso. Wanda ya zuba kuɗinsa a panno huɗu ya sayi ƙaramin batir, ranar da yake buƙata ba zai ga amfaninsu ba.

Sai ka san yawan ruwan tukuna. Milimita 1 a kan fili mai mita 1 tsawo da faɗi lita 1 ne. In rufin ɗakuna da tsakar gida sun kai murabba'in mita 200 aka yi ruwa milimita 50, lita 10,000 ke nan, tano 50 masu lita 200 cif. Ruwan shekara a Zinder bai wuce wajen milimita 400 ba amma yawancinsa a Yuli da Agusta yake sauka, wani lokaci ma a dare guda ya zubo da yawa, kowa ya ga yadda ruwan 2024 ya kada tsohon masallacin Birni balle katangar ƙasa ta talaka.

Pompon 220 ɗin da kake da shi, mu ce mai wat 400 ne. Yana da ƙarfi wallahi, yana tura ruwa nesa kuma yana jure ɗan laka, in ya lalace akwai masu gyara. Matsalarsa wajen tashi ne, lokacin da zai kama yakan ja wuta ninki uku ko fiye, shi ya sa ondilar, wato na'urar da ke maida wutar batir ta koma 220, in mai wat 500 ne sai ya yi ƙara ya mutu. Ka nemi mai wat 1500 kuma na kirki mai bada wuta sumul, don masu arahar nan suna sa moto zafi. Batir 12 volt 200Ah (amfa-awa 200) a takarda wat-awa 2400 ne, wato 12 sau 200, amma in na gel ne ko na ruwa rabi kawai za ka ci in kana so ya daɗe, ondilar ma ya ci nasa kaso, ƙarshe dai awa biyu da rabi za ka samu yana aiki ba tsayawa. Kuma shi ondilar dole ya kwana a kunne yana jira, yana lasar batir kaɗan kaɗan ko ba a yi ruwa ba, mutane da yawa ba su lissafa wannan.

Shi kuwa na 12 volt irin wanda ake sa wa jirgin ruwa, mai wat 100 yana jan amfa 8 da ɗan wani abu. Batir 100Ah rabinsa zai riƙe shi kusan awa 6. Ba ondilar, daga panno sai regilatar mai daidaita caji sai batir sai pompo, abin da zai lalace ya ragu. Kuma abin da ya fi kwantar min da rai, 12 volt cikin ruwa ba ya kashe yaro, 220 kuwa da waya ta ɗan fashe a tsakar gida mai ruwa da yara ba takalmi, Allah ya kiyaye. Rauninsa ba shi da ƙarfin tura ruwa sama, litar da aka rubuta a kwali ta in ba a ɗaga ruwan sama ba ce, da ka ɗaga tiyo mita 2 ko 3 sai ta ragu sosai. Rairayi da leda ma suna toshe shi da wuri. Waya kuma ta zama mai kauri, gajera, da fis kusa da batir.

Gurup fa, wato janareta? Esansi dai akwai tunda matatar mai ta SORAZ na nan kusa, amma sai mutum ya farka ya fita cikin ruwa ya ja igiya, in kana tafiya iyali ne da wahala. Ka bar shi a matsayin na ko-ta-kwana.

Ni a ganina, in daga raminka zuwa inda ruwan zai fita bai fi mita 2 tsawo ba, ka sayi na 12 volt da fulotar, wato makunni mai yawo a kan ruwa wanda zai tada shi da kansa in ruwa ya taru, batir 100Ah ko sama, panno mai wat 200 ya isa ya maida abin da aka ci in an samu rana. Na 220 kar ka cire shi, ka bar shi a kan Nijelek, ka ɗaura fulotar ƙaramin sama kaɗan yadda in babban bai tashi ba shi ya karɓa. In kuwa ramin na da zurfi ko ruwan unguwa ne ke shigo maka, ƙaramin ba zai iya ba, sai dai ka daure ka yi babban haɗin, in da hali da batir lityom don shi ana cin kusan kashi 80 cikin 100 nasa.

Ka ɗora batir a kan dakali cikin inuwa don zafin bazara na cinye na gel, ka sa raga a bakin rami, tun watan Mayu ka zuba bokiti biyar ka gwada. Tiyon kuma ka kai shi har magudanar ruwa, kar ka sake shi gindin katangar maƙwabci.