Wasiƙa daga Landan: kambas ɗin masu kuɗi da abin da na gani a kantunansu

Yaya,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, da Inna da Anti da yara da mutanen kasuwa baki ɗaya. Saƙonka ya iso, har da hotunan takalman da samari suke nuna maka a waya suna cewa a nemo musu. Ka ce in duba ko akwai riba idan muna ɗauko orijina daga nan muna kaiwa shago a Ƙofar Wambai. Na zagaya kantuna, na ɗaga kaya na juya, na yi magana da masu sayarwa. Shawarata ita ce kada mu sa jarinmu a manyan nan masu tsada. Dalilan suna da ɗan yawa, ka yi haƙuri ka karanta har ƙarshe.

Kambas a garin nan hawa-hawa ne. A Primark, kantin kayan araha, za ka samu na ƙasa da fam 15, irin wanda ɗalibi zai sa ya yi zango ɗaya ya yar. A JD Sports, inda yawancin samari suke sayayya, farin Air Force 1 na Nike yana kaiwa fam 110 ko ɗan sama, Samba na Adidas kuma wajen fam 90 zuwa 100. Waɗannan su ne takalman gari, su za ka gani a jirgin ƙasa da safe. Sai kuma ka shiga Selfridges a titin Oxford ko Harrods ko shagunan titin Bond, nan ne lissafi yake canzawa. Golden Goose daga fam 400 yake farawa. Na Gucci da Dior da Louis Vuitton daga fam 600 zuwa 1,000 da wani abu. Triple S na Balenciaga, wannan mai ƙaton ƙasa da ka turo hotonsa, ya haura fam 700. Ka buga a canjin 2025, wajen naira 2,000 kowane fam, ka ga takalmi ƙafa ɗaya ya tashi kusan naira miliyan 1.5 tun bai hau jirgi ba, tun kwastam ba su gan shi ba. Mafi ƙarancin albashi a nan a watan Afrilun 2025 an mai da shi fam 12.21 a awa, wato ma'aikaci irina sai ya tsaya wajen awa 60 a bakin aiki kafin ya haɗa kuɗin, ba a ma cire haraji da haya ba. A cikin farashin akwai harajin kaya kashi 20 cikin ɗari, kuma tun farkon 2021 Ingila ta daina mayar wa baƙi masu sayayya wannan haraji a filin jirgi. Shi ya sa alhazan da suka saba zuwa nan sayen kaya da yawa suka koma Faransa da Italiya.

Abin da ya ba ni mamaki shi ne yadda takalmin wasa ya hau wannan matsayi, don da can ba haka yake ba. A 1984 Nike ta ƙulla yarjejeniya da Michael Jordan, ɗan ƙwallon kwando na Amurka, a 1985 aka fitar da Air Jordan na farko a kan dala 65. Samarin baƙar fata na unguwannin New York da Chicago da mawaƙansu su ne suka mai da shi abin ado, suna goge shi da buroshin haƙori, suna gasar wanda nasa ya fi fari. A lokacin manyan gidajen ɗinki na Faransa da Italiya ba sa ko kallon wannan kasuwa. Da suka ga 'ya'yan masu kuɗi ma can hankalinsu ya koma, sai suka biyo. A 2014 Chanel ta sa wa 'yan matan da ke nuna kayanta mafi tsada kambas a Paris. A 2017 Balenciaga ta fitar da Triple S. A 2018 Louis Vuitton ta ɗora Virgil Abloh a kan kayan mazanta, wanda iyayensa 'yan Ghana ne, a Amurka aka haife shi, kuma da takalman da ya sake wa fasali na Nike ya yi suna. Allah ya yi masa rasuwa a 2021, bayan watanni kaɗan aka yi gwanjon Air Force 1 ɗin da ya zana wa Louis Vuitton, ƙafa 200, aka tara sama da dala miliyan 25. Ofisoshi ma sun sassauta. Bankin Goldman Sachs ya sauƙaƙa dokar sutura a 2019, korona ta zo ta ƙarasa sauran. Yanzu za ka ga babban mutum da kwat da farin kambas zai shiga taro, babu mai ɗaga ido.

Yadda suke riƙe farashin ne ya kamata ɗan kasuwa irinka ya lura da shi. Mu a gida idan kaya ya karɓu, ƙara saro shi ake yi har kasuwa ta ƙoshi. Su kuwa da gangan suke yin kaɗan. A 2020 Dior da Nike suka haɗa kai suka yi Air Jordan guda 13,000 kacal, a kan dala 2,000 zuwa 2,200, mutum wajen miliyan 5 suka rubuta suna suna nema. Irin waɗannan takalma sau da yawa ba a zuwa a saya kai tsaye. Manhaja ce a waya, ka sa sunanka da lambar ƙafarka, a yi ƙuri'a, wanda ya fito shi ne zai biya. Da yawa daga cikin waɗanda suka samu ba sawa za su yi ba, dillalai ne. Kafin la'asar sun ɗora shi a StockX, wani dandalin intanet da aka buɗe a Detroit ta Amurka a 2016, inda farashin takalmi yake hawa da sauka kowace rana a gaban idonka. Akwai yaran da suke cin abinci da wannan, ban musa ba. Amma su suna nan kusa, suna da katin banki da adireshi, kaya ya shigo hannunsu yau ya fita gobe. Mu kafin kago ya sauka Kano yayin ya wuce.

Kuma yayin yana wucewa da sauri. Ka tuna Yeezy da yara suka dame ka da shi? A watan Oktoban 2022 Adidas ta raba gari da Kanye West, mawaƙin Amurka da suke yin Yeezy tare, saboda kalaman da ya yi, aka bar ta da takalma na sama da yuro biliyan 1 a sito. Akwai wani Dunk na Nike mai baƙi da fari da dillalai suke ninka kuɗinsa, kamfanin ya yi ta sake fitar da shi har ya cika gari, waɗanda suka tara shi a ɗaki suka rasa yadda za su yi. Gucci kanta cinikinta ya faɗi da fiye da kashi 20 cikin ɗari a 2024. Jarin shagonmu ba zai iya ɗaukar irin wannan girgiza ba.

Yanzu maganar inganci, wadda na san ita ce ta fi damunka. Na ɗauki na fam 700 a hannu ɗaya, na fam 110 a ɗayan. Gaskiya fatar mai tsadar ta fi laushi, ɗinkin ya fi tsabta, kwalin da jakar da ake sa shi a ciki abin kallo ne. Amma bambancin bai kai ninki shida ba, ko kusa. Dukansu roba ce da soso a ƙasa, kuma mafi yawa da gam aka manne su. A 2018 masu saye suka lura cewa Triple S da ake yi a Italiya ya koma ana yin sa a Sin, kuɗin kuwa bai ragu ba. Sunan da ke jiki ake saya. Har akwai waɗanda ake yi musu datti tun daga masana'anta: Golden Goose da gogewa da tabo yake zuwa sabo fil, Balenciaga kuma a 2022 ta fitar da wani yagagge guda 100 a kan dala 1,850 kowanne. Wannan ya tsaya mini a rai, Yaya. Na tuna almajiran da ke wucewa ta gaban shago da silifas ɗin da aka ɗaure da waya, ga wasu suna biyan miliyoyi don su yi kama da wanda ba shi da shi.

Ga wani abu da masu tara takalma a nan suka sani sarai. Soson da ake sawa a ƙasan wasu daga cikin irin waɗannan yana shan danshin iska a hankali, bayan wasu shekaru sai ya fara marmashewa, kuma wanda aka ajiye a kwali ba a sawa ya fi saurin lalacewa. Zafi da damshi suna ƙara masa gudu. Ka kawo zafin Kano na watan Afrilu da rumfar kwano, ka ƙara da damina, ka ga abin da zai faru da kayan da ya yi wata shida bai fita ba. Gam ɗin ma saki yake yi. Farin kuwa, ƙurar hunturu ta kwana biyu ta ishe shi. Idan ƙasan ya mutu, takalmin ya mutu. Sau-ciki na fata irin wanda ake ɗinkawa a Northampton, garin dukawan Ingila, ana cire ƙasansa a sa sabo sau da yawa, mutum ya shekara ashirin da shi. Shi ma yana da tsada, amma na ga inda kuɗin ya shiga.

Jabu kuma ya kai inda ba ka zato. A garin Putian na ƙasar Sin ana yin kwafin da sai an sa fitila ta musamman ana shinshina gam kafin a gane. A 2022 Nike ta faɗa a kotu cewa ta sayi jabu guda huɗu a StockX ɗin da a lokacin yake cewa yana tantance kowane takalmi. To idan haka ne a wurinsu, yaya za ka gamsar da saurayi a Ƙofar Wambai cewa naka na miliyan ɗaya da rabi ne na gaske, alhali rumfa ta uku daga taka ana sayar da mai kama da shi sak a kuɗin da bai kai kashi ɗaya cikin ashirin ba? Wanda yake da kuɗin sayen orijina yana da biza, da kansa zai je Dubai ko ya zo nan.

Inda suka fi mu nesa ba kusa ba shi ne yadda ake mu'amala da mai saye. Farashi a rubuce yake, babu tayi babu albarka. Za a auna maka ƙafa, a kawo lamba uku ka gwada, ka tashi ba ka saya ba, a yi maka murmushi. Abin da ka saya ta intanet doka ta ba ka kwana 14 ka fasa ko da babu aibi, wanda ya zo da aibi kuma kana da kwana 30 ka mayar a ba ka kuɗinka cif. Mu kuwa har a jikin rasit muke rubuta cewa kayan da aka saya ba a dawowa da su. Ina ganin wannan za mu iya gyarawa a shagonmu ba tare da mun kashe ko kwabo ba: a ba mutum kwana uku ya canza lamba idan bai taka ƙasa da shi ba. Za ka ga yadda zai dawo da abokansa. Abin da ban so ba shi ne bashin da suke sauƙaƙa wa yara. A wurin biya za a tambaye ka ko za ka raba kuɗin kashi uku, ka latsa waya kawai. Na san samari 'yan gida da suka zo karatu, suna aikin dare a sito, takalmin ƙafarsu bai gama biyan kansa ba sun ɗauki wani.

Inda muka fi su kuma shi ne gyara. Shushaina zai zauna a ƙofar shagonka ya ɗinke maka takalmi da zare da basilla kafin ka gama shan shayi. A nan sai ka kai shago ka bar shi kwanaki, kuɗin gyaran ya fi na sabon kambas ɗin Primark, don haka mutane zubarwa suke yi. Wanke kambas ma sana'a ce mai shago da allo, ana karɓar fam 20 ko 30 a ƙafa ɗaya. Yaron nan mai wankin takalmi a layinku, da za a saya masa buroshi masu kyau da sabulun da ba ya cin fata a ba shi ɗan teburi, samarin da ke sa fararen kambas za su neme shi.

Wani abin da nake ta tunani a kai tun da na shiga waɗancan kantuna shi ne fata. Fatar jar akuyar Sakkwato da ta Maraɗi tun zamanin ayari ake ƙetare sahara da ita, Turawa suna saye a hannun mutanen Maroko suna kiranta fatar Maroko. Har yau masana'antun jima na Challawa da Sharaɗa suna loda fatun awaki da tumaki zuwa Italiya da Sifen, can a yanka a ɗinka takalma da jakunkuna a buga suna. Mu muna sayar da fatar a ƙafa-ƙafa, su suna sayar da sunan. Ta shanu kuwa mun cinye mai yawa a ganda. Muna da majema, muna da dukawa, ga cibiyar koyar da aikin fata a Samarun Zariya. Abin da ya rage mana shi ne lamba ta zama lamba, 42 na yau ya zama daidai da 42 na wata mai zuwa, gam ya zama mai kyau, a daina buga tambarin wani a jikin aikinmu. Araha ba ta ado, haka ne, amma farin kambas na fata zalla, marar ado, wanda aka ɗinke ƙasansa da zare yadda za a iya canza shi, ina da yaƙinin zai samu masu saye a Kano da Abuja, har da 'yan gida da ke nan.

Ga abin da nake ganin mu yi. A ƙarshen Disamba da tsakiyar bazararsu kantuna suna yin rangwame sosai, wani lokaci har rabin kuɗi, a kan Nike da Adidas da Puma na gama-gari waɗanda yayinsu ba ya mutuwa. Zan ɗebi kaɗan, baƙaƙe da masu ruwan ƙasa da ba sa nuna ƙura, in haɗo da rasit ɗin kowanne don mai saye ya gani da idonsa. Zan kuma sa ƙafa ɗaya na fata mai ɗinkakken ƙasa, ka kai wa badukun da yake yi maka faɗe ya farke shi ya ga yadda aka haɗa, ya gaya mana nawa zai yi irinsa da fatar gida. Ka turo mini lambobin da suka fi tafiya a shago, da ta Inna, don na ga wani mai laushi marar igiya da zai yi wa gwiwarta daɗi.

A gaida kowa da kowa.

Ƙaninka.