Kafin ka sayi murhun ɗumama gida na ƙwayar katako

'Yan'uwanmu mazauna Italiya, Faransa da Beljiyam sun san abin da kuɗin gas da na lantarki ke yi wa aljihu daga Nuwamba zuwa Maris. Shi ya sa wasu, musamman waɗanda suka samu gida a wajen birni, ke komawa ga murhun felet, mai cin ƙwayoyin garin katako da aka matse. A rumbun da ke bayansa ake zuba ƙwayar, wani ƙarfe mai murɗi yana juyawa yana zubo ta kaɗan-kaɗan cikin kasko. Fanka ɗaya na jawo iska tana fitar da hayaƙi, wata kuma na hura ɗumi cikin ɗaki. Duk saitin da za ka yi nan gaba bai wuce yawan ƙwaya da yawan iska da gudun fanka ba, kuma tun a shago ake yanke ko saitin zai yi maka daɗi.

Girma shi ne inda aka fi faɗawa rami. Mai shago zai nuna maka na kilowat 12, kai ma zuciyarka ta ce gara a samu rara. Amma lissafin da masu kafa murhu ke bi shi ne kusan kilowat 1 ga kowane murabba'in mita 10 a gidan da ke riƙe ɗumi daidai gwargwado. Falo da kicin masu murabba'in mita 60 ba sa buƙatar fiye da kilowat 6 ko 7. Wanda ya fi ƙarfin ɗaki nan da nan yake cika shi da zafi, ya mutu, can ya sake tashi. Kowane tashi kuwa yana jan lantarki, yana cinye ƙarfen kunna wutar, kuma a lokacin ne hayaƙi ya fi yawa. Don haka in ka ga lambobi biyu a takardar murhu, misali kilowat 2.5 zuwa 8, wato mafi ƙanƙanta da mafi girman ƙarfinsa, ƙaramar ta fi cancantar kulawarka, tunda yawancin kwanakin hunturu a mataki na 1 ko na 2 cikin 5 zai wuni.

Murahun kuma iri-iri ne. Mai hura ɗumi da fanka kai tsaye cikin ɗaki shi ne mafi araha, yana kuma ɗumama ɗaki da sauri, sai dai ƙararsa na damun mai barci a kusa. Akwai wanda ake iya kashe fankarsa ɗumin ya tashi da kansa. Shiru ne, amma a hankali yake kai zafi lungu. Mai bututu yana tura iska mai ɗumi zuwa ɗaki ɗaya ko biyu, kuma ga mai iyali ina ganin shi ya fi dacewa, matuƙar kowane bututu yana da nasa saitin. Wanda ke dafa ruwa ya zagaya da shi duk gidan aikinsa babba ne, kuɗin kafa shi ma haka, ba na ɗan haya ba ne. Kamfanonin Italiya irin su MCZ, Palazzetti da Edilkamin suna yin kusan duk waɗannan. Kusan dukkansu kuma in an ɗauke wuta sun mutu.

Tambayar da ba a cika yi ba ita ce: wa ke da ikon taɓa saitin iska da ƙwaya? A wasu murahu an kulle shi da lambar sirri, sai ma'aikaci ya zo. Wasu sun bar wa mai gida damar ƙarawa ko ragewa kaɗan, wasu kuma suna da na'urar da ke auna iskar ta gyara da kanta. Amfaninsa yana fitowa ranar da ka sauya irin ƙwayar da kake zubawa. Harshen wuta dogo, ja-ja, mai kasala, ga gilashi ya yi baƙi tun kafin yamma, alama ce iska ta yi kaɗan ko ƙwaya ta yi yawa. In gajere ne yana huci, ƙwayoyi na tsalle daga kasko, iska ta wuce kima, ɗuminka na bin bututu waje. Kafin ka taɓa komai dai, duba ko toka ta toshe ramukan kasko.

Ƙwayar ma zaɓe ce. Buhun kilo 15 mai tambarin inganci na ENplus A1 tokarsa ba ta wuce kashi 0.7 cikin 100, danshinsa kashi 10. Mai arha marar tambari yakan bar ƙullutun toka mai tauri da ke shaƙe wuta. A 2022 farashin buhu ya ninka a Faransa da Italiya, tun daga nan masu wayo ke saye da bazara su ajiye a busasshen wuri.

Tsohon murhu na hannu yana jan hankali, amma a yankunan Lombardiya da Beneto na Italiya ba a yarda a kafa mai ƙasa da taurari 4 a ma'aunin tsabtar hayaƙi ba. A Faransa dole a share bututun hayaƙi duk shekara, kuma kamfanin inshora zai nemi takardar shaidar sharar in gobara ta tashi. Ɗan haya sai da izinin mai gida a rubuce, sannan a sa ƙararrawar gano iskar kabon monoksaid mai guba cikin lissafin kuɗin tun farko.