Hattara da mai tallar farar mesa a Maradi

Jama'a, musamman masu kiwon tantabara da zomo, akwai wani mutum da ke yawo a zaurukan WhatsApp yana tallar 'ya'yan mesa, wai daga Kwatano ya kawo su. Ƙanena da ke unguwar Zariya ya faɗa hannunsa, jikka 150 suka tafi, kuɗin da ya tara don sayen ragon balami.

Irin ƙaramar mesar nan ce marar dafi, mai dunƙulewa kamar ƙwallo in ta tsorata. Biyu ya kawo masa a tasha cikin kwali: ɗaya fara fat mai shuɗin ido, ɗaya mai launin da aka saba gani. Tun a nan ƙanena ya lura idon farar na dama ya bulluƙo waje, na hagu kuwa ɗan mitsitsi kamar ƙwayar gero. Mutumin ya ce, "Haba ɗan'uwa, saɓa za ta yi, ka ba ta sati guda."

Da gaskiya ya lulluɓe ƙaryar, shi ya sa ta shiga. Maciji ba shi da fatar ido mai ƙiftawa, wani ɓawo ne garai-garai ya rufe idon, kuma in saɓa ta matso sai idon ya yi hazo-hazo na 'yan kwanaki, sannan ya washe. Amma duka biyun ke yin hazon tare, kuma saɓa ba ta ƙara girman ido, ba ta rage shi. Wannan da nakasarta aka ƙyanƙyashe ta. Farar mai shuɗin ido ana samunta ne in an haɗa uwa da uba masu ɗauke da ƙwayar gado iri ɗaya, kuma masu kiwonta a Amurka sun daɗe da sanin cewa wasu haɗe-haɗen kan ba da 'ya'ya masu bulluƙaƙƙen ido. Zafin da ya wuce kima lokacin kwancin ƙwai shi ma yana ɓata ido. Ko wanne ne, ba magani. Duk wanda ya yi kiwon jar akuya ya san abin da ke fitowa in aka yi ta barbarar 'yan gida ɗaya don neman launi.

Ta biyun ce ma ta fi ba ni haushi. Ya ce tana ɗauke da "jinin zabiya a ɓoye", shi ya sa ta yi tsada. E, akwai hakan. Sai dai ido ba ya gane shi, sai an san iyayenta. Ko da uwa da uba duk suna ɗauke da shi, kowane ƙwai rabonsa na fitowa zabiya ɗaya ne cikin 4. Macen kan kai wajen shekara 3 kafin ta fara ƙwai, ta yi kamar 6, a jira kusan wata 2. Ina za ka ga mutumin a lokacin?

Ya kuma yi alkawarin zai dawo ya saye 'ya'yan ya tura Turai. Wannan mesa tana cikin CITES, yarjejeniyar ƙasashen duniya kan cinikin namun daji, ba ta ƙetare iyaka sai da takarda. Togo da Benin da Gana ne ke fitar da ita, masu launukan tsada kuwa galibi can wajen Turawan ake ƙyanƙyasarsu.

Na ga wani bidiyon nasa, mesar na karkaɗa kai tana juya shi sama, ya rubuta wai wasa take. Ciwo ne da ke bin wani launi mai zane kamar saƙar gizo-gizo.

In ya tuntuɓe ku kada ku aika ko dala, ku sanar da ma'aikatan gandun daji. Mu mun kai musu rahoto shekaranjiya. Farar ta yi saɓarta tun sati biyu da suka wuce, idon yana nan yadda yake, lambar mutumin kuma a kashe.